Ziyarar Wuraren Tarihi da na Buɗe Ido a Ireland: Tambayoyi da Amsoshi

A taswira Ireland ƙaramin tsibiri ne, shi ya sa masu ziyara da yawa ke cika jadawalinsu da wurare goma sha biyar cikin mako guda, su ƙare da yini a cikin mota. Hanyoyin yammacin ƙasar matsattsu ne, sama kuma ba ta da alkawari, sannan wuraren da suka fi daraja an ƙayyade yawan masu shigarsu a kullum. Amsoshin da ke ƙasa an rubuta su ne domin wanda yake son ya ga kaɗan, amma ya gan su da kyau.

Ireland ƙasa ɗaya ce ko biyu?

Tsibiri ɗaya ne mai ƙasashe biyu. Jamhuriyar Ireland tana da gundumomi 26, babban birninta Dublin, kuɗinta yuro, kuma tana cikin Tarayyar Turai. Ireland ta Arewa gundumomi 6 ce, babban birninta Belfast, tana ƙarƙashin Birtaniya, kuɗinta fam. A kan iyakarsu babu shinge, babu ƙofa. Abin da zai nuna maka ka tsallaka shi ne allunan gudun mota sun tashi daga kilomita sun koma mil.

Bankunan Ireland ta Arewa suna buga nasu takardun fam, waɗanda ke da wuyar canzawa da zarar an bar yankin. Ka kashe su kafin ka fito.

Wace biza nake buƙata?

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Ireland ta gajeren zama, wadda ake kira biza C, kuma ba ta wuce kwana 90. Ana cike takardar neman ta a intanet, sannan a kai fasfo da sauran takardu: bayanan asusun banki na wata shida, shaidar masauki, wasiƙar wurin aiki ko shaidar kasuwanci, da wasiƙar da ke bayyana dalilin tafiyar. Ireland tana da ofishin jakadanci a Abuja. A nema aƙalla mako takwas kafin ranar tashi, kuma kada a sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ta fito. Abin da ya fi jawo a hana mutum shi ne wani babban kuɗi ya faɗo asusu kwatsam ba bayanin inda ya fito, ko kuma rashin wata shaida da ke nuna akwai abin da zai komo da shi gida.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, Ireland ba ta cikin yankin Shengen, don haka bizar Faransa ko ta Jamus ba ta shigar da kai Dublin. Na biyu, bizar Ireland ba ta ba ka damar shiga Ireland ta Arewa, sai da bizar Birtaniya. Rashin shinge a hanya bai halatta tsallakawa ba. Jami'ai kan tsayar da bas su duba takardu, kuma wanda aka kama ya ɓata sunansa a duk wata biza da zai nema nan gaba. Haka nan idan jirginka zai yada zango a Landan, ka tabbatar da dokar Birtaniya kafin ka biya, domin tashi daga can zuwa Dublin yakan sa a bi ta wurin jami'an shige da fice nasu. Yawancin matafiya sun fi samun sauƙi ta Istanbul, Doha ko Alƙahira.

Wane wata ne ya fi dacewa?

Mayu, Yuni da Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Dublin sai wajen ƙarfe goma na dare, yini yakan kai awa 17. A Disamba kuwa gari ba ya wayewa sosai sai bayan takwas da rabi, da ƙarfe huɗu na yamma kuma duhu ya fara, wasu wuraren tarihi ma a rufe suke. Yuli da Agusta su ne lokacin cunkoso da tsadar masauki.

Ko a tsakiyar bazararsu zafi yakan tsaya tsakanin digiri 15 da 20 ne, wanda ga mutumin Sakkwato ko Zinder sanyin hunturu ne. Ruwa kuwa babu watan da ba a yinsa. Ba irin mamakon daminarmu ba ne, yayyafi ne mai naci, ya zo ya tafi sau biyar a yini. Ka zo da rigar ruwa mai hula, da rigar sanyi da za ka sa a ciki, da takalmi mai riƙe ƙasa. Lema ba ta da amfani a bakin teku, iska ce za ta karya ta.

Waɗanne wurare ne sai an yi tanadin tikiti tun da wuri?

Newgrange, gidan yarin Kilmainham, tsibirin Skellig Michael, da ɗakin Littafin Kells. Su za ka fara kamawa, sauran tafiyar ka gina ta a kansu. Tikitin Kilmainham yana fita kwana 28 kafin ranar ziyara, kuma da bazara yakan ƙare nan da nan. Gurbin jirgin ruwan Skellig kuwa watanni kafin lokaci ake nemansa.

Mene ne Newgrange, kuma me ya sa ake yawan zancensa?

Tudu ne da mutane suka gina da hannu a kwarin kogin Boyne, cikin gundumar Meath, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya girmi dalar Giza ta Masar. Manyan duwatsu 97 ne suka kewaye gindinsa, wasu an sassaƙa musu zane mai murɗe-murɗe. Daga ƙofa akwai siririn rami mai tsawon mita 19 da ya kai ga wani ɗaki a tsakiya, wanda aka yi wa rufi da faffaɗan duwatsu ɗaya bisa ɗaya, ba siminti, ba laka, kuma har yau ruwa ba ya yoyo a ciki bayan shekara dubu biyar a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wata 'yar taga a saman ƙofar. A kwanakin da yini ya fi gajarta, wajen 21 ga Disamba, hasken fitowar rana yana shiga ta nan, ya bi ramin har ya haskaka ɗakin na kusan minti 17. Farfesa Michael O'Kelly, wanda ya jagoranci tonon wurin, shi ya shaida haka a 1967. Masu son kasancewa a ciki a waɗannan ranaku sai sun shiga ƙuri'a, amma kowane rukunin baƙi ana kashe musu fitila a nuna musu kwatankwacinsa da hasken lantarki.

Ga inda mutane ke yin asara: ba a zuwa tudun kai tsaye. Dole a fara zuwa cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne kusa da ƙauyen Donore, a ɗaya gefen kogin, daga nan bas ɗinsu ya kai ka. Wanda ya rubuta Newgrange a taswirar waya ya bi ta, zai tsinci kansa a ƙofar da ba za a buɗe masa ba, kafin ya zagayo kuma lokacinsa ya wuce. Ka duba tikitin da kyau, domin akwai wanda ya haɗa da shiga ɗakin, akwai na kallon waje kawai. Ramin yana da ƙunci, sai an sunkuya an bi ta gefe a wasu wurare, don haka wanda matsatsi ke damunsa ya tsaya a ƙarshen layi. Knowth, tudun da ke kusa, ya fi Newgrange yawan duwatsu masu zane, kuma ya cancanci ƙarin awa guda.

Me zan gani a Dublin cikin kwana biyu?

A ganinmu mai karatu Bahaushe ya fara da ɗakin adana littattafai na Chester Beatty, a harabar fadar Dublin. Shiga kyauta ne. Suna da kwafe-kwafen Alƙur'ani na rubutun hannu fiye da 260, ciki har da wanda shahararren marubuci Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekarar Hijira 391. Ba kullum ake fito da kowane kwafi ba, domin haske yana cin tawada, amma duk wanda ya taɓa riƙe allo da alƙalami zai daɗe a tsaye gaban waɗannan shafuka.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa kwalejin Trinity, wadda aka kafa a 1592. A can Littafin Kells yake: Linjila huɗu da Latin, a kan fatar maraƙi, wanda 'yan zuhudu suka rubuta suka ƙawata wajen shekara ta 800. Buɗi ɗaya kawai ake gani a cikin gilashi, kuma ba a ɗaukar hotonsa. Dogon zauren karatu na sama an kwashe yawancin littattafansa saboda aikin gyara, kada ka yi tsammanin cikakkun kantocin da ka gani a hotuna.

Gidan tarihin ƙasa da ke titin Kildare shi ma kyauta ne. Akwai kayan zinariya na zamanin da, akwai kuma gawawwakin mutanen da fadamar ƙasar ta adana fiye da shekara dubu biyu, har gashinsu da farcensu. Ba kowane yaro zai jure ganinsu ba.

Kilmainham kuwa sai da ɗan jagora ake zagayawa. An buɗe shi a 1796, aka rufe a 1924. A filin cikinsa ne aka harbe jagorori 14 na boren Ista na 1916 da aka yi wa mulkin Birtaniya, ciki har da James Connolly, wanda rauninsa ya hana shi tsayuwa, aka ɗaure shi a kujera. Wannan kisa ne ya juya zukatan jama'a zuwa neman 'yanci. Wanda ya san abin da ya faru a Satiru ko Burmi ba zai buƙaci dogon bayani ba.

Idan da sauran yini, Glendalough ba ta kai tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni ba: tafkuna biyu a cikin kwari, da kufan mazaunin 'yan zuhudu na ƙarni na 6, da hasumiya mai tsawon mita 30 wadda ƙofarta ta fi mita uku daga ƙasa.

Tsaunukan Moher sun kai yadda ake faɗa?

Sun kai, idan sama ta yarda. Katanga ce ta dutse da ta miƙe daga teku har mita 214 a wurin da ya fi tsawo, a gundumar Clare. Matsalar ita ce hazo yakan rufe su ɗungurungum, mutum ya yi tafiyar awa uku daga Dublin ya tarar da farin bango. Ka duba hasashen yanayi na Met Éireann, hukumar yanayin ƙasar, da safe, kuma in da hali ka kwana a Doolin ko Lahinch don ka sami zaɓin kwana biyu. Manyan bas-bas suna cika wurin daga sha ɗaya zuwa huɗu. Da yamma lis ya fi, domin tsaunukan yamma suke kallo, rana tana haska fuskarsu.

Kada ka tsallake shinge don hoto. Bakin dutsen yana zubewa, iska tana bugowa ba sanarwa, kuma an sha rasa rayuka a nan. Idan an rufe wani sashen hanyar ƙafa, an rufe shi ne da dalili.

Wanda ya kai arewa maso yamma, Slieve League a Donegal ya kusa ninka Moher uku a tsawo, mutane kuma ba su kai rabi ba.

Kowa zai iya hawa Skellig Michael?

A'a. Dutse ne a tsakiyar teku, kilomita 12 daga gaɓar Kerry, inda 'yan zuhudu suka zauna ɗaruruwan shekaru a ɗakunan dutse masu siffar rumbu. Ana sauka ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, mutum 180 kawai a rana, yawanci daga Portmagee. Matakala ta haura 600, ta dutse ce, mai santsi, kuma kusan duka babu abin dafawa. Mai ciwon gwiwa, mai ciwon zuciya, mai jiri in ya hau sama, da ƙananan yara, su zaɓi jirgin da ke zagaya tsibirin ba tare da sauka ba.

Igiyar ruwa takan sa a soke tafiya da safiyar ranar, don haka ka bar kwana ɗaya ko biyu a yankin. Ka sha maganin amai kafin shiga jirgi, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Babu kanti a can, ruwa da abinci naka ne.

Me ke Ireland ta Arewa?

Giant's Causeway a gundumar Antrim: ginshiƙan baƙin dutse kusan 40,000, yawancinsu masu kusurwa shida, waɗanda narkakken dutse ya bari da ya huce shekaru miliyan 60 da suka wuce. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce wani ƙato mai suna Fionn ne ya shimfiɗa su don ya taka zuwa Scotland. Takawa zuwa duwatsun kyauta ne, kuɗin da ake biya na cibiyar baƙi ne da wurin ajiye mota.

A Belfast akwai gidan tarihin jirgin Titanic a daidai inda aka ƙera shi. Akwai kuma direbobin tasi da ke zagayawa da baƙi unguwannin Falls da Shankill, su nuna katangun da har yanzu ke raba Katolika da Furotesta. Rikicin ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, kuma waɗanda aka kashe wa 'yan uwa suna raye. Ka saurara, ka yi tambaya cikin ladabi, kada ka ɗauki ɓangare. Ko sunan birni na biyu ma magana ce, wasu Derry suke cewa, wasu Londonderry. Ganuwarsa ta ƙarni na 17 tana nan cif, ana zagaye ta a ƙafa cikin awa guda. Wajen 12 ga Yuli ana jerin gwano da rufe tituna, gara baƙo ya kauce wa ranar.

In ɗauki hayar mota ko in bi motar haya?

Tsakanin manyan birane jirgin ƙasa ya isa. Daga tashar Heuston ake tafiya Cork da Galway, kowanne wajen awa biyu da rabi, daga Connolly kuma Belfast da Sligo. A cikin Dublin ka sayi katin Leap na biyan kuɗin mota, domin bas ba ya karɓar kuɗin takarda kuma ba ya ba da canji.

Gaɓar yamma ce ke buƙatar mota. A hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, yawancin motocin haya kuma masu giya ne, mai sarrafa kanta sai an nema tun da wuri kuma ta fi tsada. Ka ɗauki ƙarama. Hanyoyin karkara katangar dutse ce dama da hagu, tumaki a kan kwalta, wani wurin mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta ja baya. Duk lokacin da taswira ta ba ka, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku. Hanyar Wild Atlantic Way kilomita 2,500 ce, ba a gama ta a mako guda, yanki ake zaɓa. Zagayen Kerry kilomita 179 ne, yini cur, kuma manyan bas suna fara shi ta Killorglin, sai ka riga su fita. Titin M50 na Dublin yana da harajin da babu shingen biya, kyamara ce ke ɗaukar lamba, a biya kafin takwas na daren washegari ko tara ta hau. Ka tambayi kamfanin hayar ko su ke biya, ka kuma sanar da su idan za ka shiga Arewa.

Katin Heritage na shiga wuraren tarihi yana da riba?

Idan za ka shiga wurare biyar ko shida na gwamnati, yana da ita. Yana aiki shekara guda, ya haɗa da Brú na Bóinne, Kilmainham, Clonmacnoise da Dutsen Cashel, mazaunin sarakunan lardin Munster da aka miƙa wa coci a 1101. Bai haɗa da Moher, Littafin Kells, fadar Blarney ko wani wuri a Arewa ba, kuma bai ɗauke maka tanadin gurbi ba.

Yaya batun abinci da salla?

Karin kumallon da ake alfahari da shi a masaukai naman alade ne ya fi yawa a ciki. Abin da ake kira baƙin pudin jini ne, farin kuma da kitsen alade ake yinsa. Ka nemi ƙwai, wake, kunun alkamar Turawa, kifi da burodinsu na soda. Ka riƙa tambaya ko da abin ya yi kama da halal: wani farfesun nama da giya ake dafa shi, wani kifin da giya ake kwaɓa fulawarsa, wata miyar kifin kuma ana yanka mata naman alade. A Dublin akwai mahauta da gidajen abincin halal a kewayen titin South Circular, inda masallacin Dublin yake. Cork, Galway, Limerick da Belfast duk ana Juma'a. A karkara sai ka riƙe dardumarka. Alƙibla kudu maso gabas take, kuma da bazara tsakanin isha da asuba ɗan lokaci ne ƙwarai, ka karɓi jadawalin masallacin gari.

Kada ka sa kilishi, dambun nama ko man shanu a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace.

Ina zan fahimci tarihin babbar yunwa?

Dankalin Turawa da ake nomawa a Jos, wanda 'yan kasuwa ke kira da sunan wannan ƙasa, shi ne abincin talakan Ireland a ƙarni na 19. Cuta ta kama shi daga 1845, shekara bayan shekara. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka yi hijira, alhali ana fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar. Har yau yawan jama'ar tsibirin bai koma miliyan 8 da aka ƙirga a 1841 ba. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika da gudummawar fam 1,000 a 1847. Gidan tarihin yunwa yana Strokestown, akwai kwafin jirgin hijira na Dunbrody a New Ross, sai garin Cobh inda miliyoyi suka yi wa ƙasarsu kallon ƙarshe. Duk kufan gidan dutse da ka gani a yamma, da tsofaffin kunyoyi a jikin tudu, yawanci wannan labarin suke ɗauke da shi.

Zan iya jin kiɗan gargajiya ba tare da shiga mashaya ba?

Yawancin zaman kiɗa a mashaya ake yi, amma ba duka ba. Titunan Galway cike suke da makaɗa da rana, ƙungiyar Comhaltas tana shirya wasanni a zaurukanta, a Agusta kuma ana babban bikin Fleadh Cheoil. Za ka ga goge, da sarewa, da ganga mai kama da bandiri, da wata algaita da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu.

Ka nemi kallon hurling, wani ƙwallon gora mai tsananin sauri da 'yan wasa ke bugawa don sunan gundumarsu, ba albashi. Filin Croke Park na Dublin yana ɗaukar mutum 82,300, tikitin wasan ƙarshe a Yuli kuwa sai mai hanya, amma wasannin farkon kakar wasa suna samuwa.

Turanci ya ishe ni?

Ya isa ko'ina. Sai dai a yankunan da ake kira Gaeltacht, kamar Connemara, tsibiran Aran da yammacin Dingle, allunan hanya da harshen Irish kaɗai ake rubuta su. Gaillimh shi ne Galway, Baile Átha Cliath shi ne Dublin, An Lár tsakiyar gari. A ƙofar banɗaki, Fir na maza ne, Mná na mata, kada harafin farko ya ruɗe ka. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya da Ghana, mai zuwa daga Nijar ko Kamaru ya riƙo mahaɗi. Lambar gaggawa 112 ko 999, a ɓangarorin biyu.